Kowane abinci da watansa: yadda a ke ci a Faransa da Japon

A watan Nuwamba na shekara ta 2010, a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, kwamitin ƙungiyar UNESCO mai kula da al'adun gado ya rubuta cin abincin Faransawa cikin littafin dukiyar da ƴan Adam duka suka yi tarayya a kanta. Bayan shekara uku, a watan Disamba na 2013, kwamitin ya zauna a Baku, babban birnin Azarbaijan, ya ba abincin gargajiya na ƙasar Japon, wanda masu shi ke kira «washoku», irin wannan daraja. Ba wani tuwo ko wata miya aka ɗaukaka ba. Abin da aka ɗaukaka shi ne hali, watau yadda a ke zaɓen cimaka, yadda a ke dafa ta, da yadda iyali ke zama su ci tare ranar biki.

Tsakanin Paris da Tokyo akwai kilomita kusan 10.000. Faransawa mutanen alkama ne da nono da nama, mutanen Japon kuwa na shinkafa ne da kifi da waken soja. Amma wanda ya shiga kasuwannin ƙasashen biyu zai tarar da abu guda da ya haɗa su: kowane abinci da watansa. Dukansu suna da lokaci huɗu a shekara. Akwai ɗari mai ƙanƙara daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'an nan lokacin tohon itatuwa, sa'an nan lokacin zafi daga Yuni zuwa Agusta, sa'an nan kaka. Macen gida ta san abin da za ta nema a kowanensu, ta kuma san abin da kunya ne a gan shi a kwanonta in ba lokacinsa ba ne. Wannan hali bai tsaya da ƙafarsa shi kaɗai ba. Yunwa ce ta haife shi, doka ta tsare shi, yau kuma da ya ke neman kuɓucewa, lakwal aka ba riƙonsa.

Yunwa ce malama ta farko

A watan Janairu na 1709 wani sanyi ya sauka a Faransa wanda ya daskarar da koguna, ya kashe alkamar da ke cikin ƙasa. Mutane dubbai bisa dubbai suka mutu a wannan shekara da mai bi mata. A 1788 ƙanƙara ta ɓata gonaki, burodi ya yi tsada, a watan Oktoba na 1789 matan Paris suka taka da ƙafa har fadar Versailles suna neman burodi wurin sarki. A cikin wannan zamani ne wani mai haɗa magunguna na soja, Antoine Parmentier, ya yi ta fama da jama'a su yarda su ci dankalin turawa, wanda a lokacin su ke ɗauka abincin dabbobi ne. Da masu juyin mulki suka shirya sabuwar kalanda a 1793, sai suka raɗa wa watanni sunayen aikin gona: watan girbin alkama, watan ƴaƴan itace, watan tsinkar inabi.

Japon ma ta sha nata. Tsibirai ne masu duwatsu da daji, ƙasar noma ba ta da yawa. A zamanin da, da shinkafa a ke biyan haraji, da ita kuma a ke auna arzikin hakimi, da wani mudu mai suna «koku», kimanin lita 180, abin da a ke ganin zai ci da mutum ɗaya shekara. Bayan yunwar 1732 wani malami, Aoki Konyo, ya yaɗa noman dankali mai zaƙi a yankin Edo, garin da ya zama Tokyo, daidai yadda Parmentier ya yi da nasa dankalin daga baya. Duk da haka yunwar Tenmei, daga 1782 zuwa 1788, ta share ƙauyuka a arewacin ƙasar.

Manomin da ya san wata uku ko huɗu gona ba za ta ba shi komi ba, tilas ya koyi abu biyu: ya ci abu sosai sa'ad da ya ke da yawa da araha, ya kuma adana saura. Mafi yawan abincin da a yau a ke yabon ƙasashen nan a kansa, dabarar ajiya ce. Cuku nonon lokacin ciyawa ne da aka daskarar domin ɗari. Haka naman alade mai gishiri, da naman agwagwa da a ke rufewa cikin kitsensa a kudu maso yammacin Faransa, da ƴaƴan itace da a ke dafawa da sukari a zuba a kwalba. A Japon akwai «miso», waken soja da aka ruɓar da gishiri, ɗan'uwan daddawa ke nan, da ganyaye da a ke tsimawa cikin gishiri ko dusar shinkafa, da busasshen kifi. Abin da talaka ya ƙago domin kada ya mutu, shi ne jikokinsa ke saye da tsada.

Kalmar «shun»

Mutanen Japon suna da kalma guda, «shun», wadda ke nufin kwanakin da abinci ya kai matuƙar daɗinsa. Ba su tsaya nan ba, sun raba lokacin gida uku. Akwai «hashiri», ɗan fari, wanda ya shigo kasuwa da tsada tun bai gama nuna ba. Akwai «sakari», sa'ad da ya cika kasuwa, kowa na iya saye. Akwai «nagori», na ƙarshe, wanda a ke ci da ban kwana sai baɗi. Tsohuwar kalandar da suka aro daga Sin ta raba shekara kashi 24, kowane kashi kuma gida uku, ya zama 72, kowanne kimanin kwana biyar, da sunansa da ke nuna abin da tsiro ko tsuntsu ko iska ke yi a kwanakin.

Cin yau da kullum na gargajiya ba shi da tarkace: kwanon shinkafa, da romo ɗaya, da ƴan mahaɗi uku. Tushen romon shi ne «dashi», ruwan da aka jiƙa wani ganyen teku mai suna «kombu» a ciki, aka ƙara kankararren busasshen kifi. Cikin wannan ganye ne wani malamin jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 sinadarin da ke ba romo ɗanɗano. A 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Farin magin nan da a ke ƙullawa a leda a kasuwar Maraɗi da ta Damagaram, asalinsa ke nan. Nama kuwa ya daɗe ba ya cikin tukunyarsu. A shekara ta 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da kaji da waɗansu dabbobi daga wata na 4 zuwa na 9, watau lokacin aikin gona, addinin Buda kuma ya ƙarfafa ƙyamar nama har ƙarnuka, sai a 1872 da aka sanar da jama'a cewa Sarki Meiji ya ci naman sa.

Shekarar tukunya tana farawa da «osechi», abincin sabuwar shekara da a ke dafawa tun kafin ranar, a jera shi cikin akwatunan katako, domin mata su huta kwana uku. Kowane abu a ciki da fatan da ya ke ɗauke da shi: baƙin wake domin lafiyar aiki, ƙwan kifi domin yawan zuriya. Ranar 7 ga Janairu a sha kunun shinkafa da ganye bakwai, ciki ya huta. A watan Afrilu tohon gora ya fito, a haƙe shi da asuba a dafa shi a ranar, don in ya kwana sai ya yi ɗaci. A watan Yuni, lokacin ruwan sama, mata su sa gishiri ga wani ɗan itace mai tsami, «ume», su shanya shi in rana ta buɗe. A ƙarshen Yuli, tsakiyar zafi, akwai ranar da a ke cin gasasshen «unagi», wani kifi mai tsawo kamar maciji, wai domin ƙarfin jiki. Da kaka sabuwar shinkafa ta shigo, tare da «sanma», wani siririn kifi mai kitse da a ke gasawa da gishiri kawai, wanda tun da can shi ne kifin talaka. Da ɗari iyali su kewaye tukunya ɗaya da ke tafasa bisa tebur. Daren 31 ga Disamba a rufe shekara da taliyar «soba».

Son ɗan fari ya taɓa zama fitina. A Edo masu kuɗi sun riƙa rige-rigen sayen kifin «katsuo» na farkon shekara da kuɗin da ya wuce hankali, har a ƙarni na 17 hukuma ta yanke ranakun da a ke fara sayar da waɗansu kifaye da ƴaƴan itace, domin a hana almubazzaranci da tsadar kaya. Halin bai mutu ba: a gwanjon farko na shekara ta 2019, a sabuwar kasuwar kifi ta Toyosu, an sayi kifin «tuna» ɗaya mai kilo 278 a kan yen miliyan 333 da ɗoriya. Wannan talla ce ta mai gidajen abinci, ba cin abinci ba. Abin da ya fi nuna zuciyar ƙasar shi ne ranar 23 ga Nuwamba, sa'ad da Sarkin Japon ke miƙa sabuwar shinkafa a wurin ibadarsu, ya ci daga cikinta. Tun 1927 kuma al'ada ce Sarki ya dasa shinkafa da hannunsa a wata ƴar fadama da ke cikin fada.

Faransa: inda kalanda ta zama doka

Cin biki na Faransawa, wanda UNESCO ta rubuta, yana da tsari: abin sha na buɗe ciki, sa'an nan aƙalla kwano huɗu bi da bi, watau ɗan abin farawa, da kifi ko nama tare da ganye, da cuku, da abin zaƙi. A na iya shafe awa uku a tebur, kuma rabin hirar a kan abincin ne. Ƙididdigar ƙungiyar OCDE ta nuna Bafaranshe na ɓatar da fiye da awa 2 kowace rana wajen ci da sha, ya fi mutanen sauran ƙasashen ƙungiyar. Su ma kalandarsu a tukunya ta ke: wainar sarakuna a farkon Janairu, «crêpe» ranar 2 ga Fabrairu, naman ɗan rago a sallar Ista, tsiron «asperge» a Afrilu da Mayu, tumatir a tsakiyar zafi, inabi da naman daji da kaka.

Inda Faransa ta yi fice shi ne ta rubuta waɗannan abubuwa cikin doka. Ranar 26 ga Yuli 1925 majalisa ta kafa dokar da ta ce ba cukun da za a kira «Roquefort» sai na nonon tumaki wanda ya nuna cikin kogunan dutsen garin Roquefort. A 1935 aka shimfiɗa tsarin sunan asali ga ruwan inabi, daga baya ya game cuku da man shanu da kaji da sauransu. Dokar kowane abu tana faɗin iyakar ƙasar da a ke yinsa, da irin dabbar, da abin da za ta ci, wani lokaci har da ranakun aiki. Cukun «Salers» ba a yinsa sai daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Nuwamba, sa'ad da shanu ke kiwo a fili. Cukun «Mont d'Or» na duwatsun Jura akasin haka ne: a na yinsa daga 15 ga Agusta zuwa 15 ga Maris, a sayar daga 10 ga Satumba zuwa 10 ga Mayu. Dalilinsa a fili ya ke. Babban cukun yankin, «Comté», ƙwaya ɗaya kan kai kilo 40, tana cin nono lita 400. In shanu suka sauko daga dutse da ɗari nono ya ragu, ba ya isa a yi babba, sai makiyaya su yi ƙarami mai taushi, su ɗaure shi da ɓawon itace. Abin da rashi ya jawo, doka ta mai da shi alfahari, kuma wanda ya nemi Mont d'Or a watan Yuli ba zai samu ba ko nawa ya riƙe.

Amfanin wannan tsari ga manomi shi ne ba wanda zai yi kwaikwayon kayansa ya sayar da sunansa. Irinsa ne ƙungiyar OAPI ta ƙasashen Afirka ta bi da ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rijista.

Misalin da ya fi kowanne koyarwa daga teku ya fito. «Coquille Saint-Jacques» wata dabbar ruwa ce da ke zaune cikin ɓawo biyu, Faransawa na matuƙar sonta, musamman a bukin ƙarshen shekara. Doka ta hana kamunta daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Satumba, lokacin da ta ke hayayyafa. A gaɓar Saint-Brieuc, cikin jihar Bretagne, masuntan da kansu suka ƙara wa kansu takunkumi: a babban wurin kamun, kwana biyu kawai a mako, minti 45 kowace rana, jirgin sama na shawagi yana duba wanda ya wuce lokaci. Wadda ba ta kai girman da aka yanke ba, a mai da ita ruwa. A farkon shekarun 2020 ma'aikatar binciken teku, Ifremer, ta sanar da cewa yawanta a wurin ya kai inda ba a taɓa gani ba tun da aka fara ƙidaya.

Inda tukwanen biyu suka haɗu

Japon ce ta fara zuwa koyo. Tokuzo Akiyama ya yi aiki a manyan gidajen abinci na Paris, a 1913 aka kira shi gida ya zama shugaban kukun fadar Sarki, ya riƙe aikin har 1972, abincin Faransa kuma ya zama na karɓar manyan baƙin gwamnati. A 1960 wani tsohon ɗan jarida, Shizuo Tsuji, ya buɗe makarantar koyon girki a Osaka. Shi ne ya gayyato manyan kukun Faransa, cikinsu har da Paul Bocuse na Lyon, a farkon shekarun 1970, a 1980 kuma ya buɗe reshen makarantarsa kusa da Lyon.

Malaman da suka je koyarwa sun komo da karatu. A Japon suka ga «kaiseki», cin ƙasaita wanda ya samo asali daga shan shayi na gargajiya: ƙananan kwanoni da yawa, kowanne da abin da ke cikin watansa, ba a dafa shi har ya mutu ba, kwanon kansa ma a na sake shi bisa ga lokaci. A 1973 ƴan jarida biyu, Henri Gault da Christian Millau, suka bayyana ƙa'idodin abin da suka kira sabon girki: kada a wuce wuri wajen dafuwa, a nemi ɗanyen kaya na ranar, a rage miya mai nauyin gari da man shanu, a taƙaita jerin abinci. Masana da dama suna ganin hannun Japon a ciki. A 1976 Bocuse ya fid da littafinsa na girkin kasuwa, mai koyar da cewa kuku ya fara zuwa kasuwa da safe kafin ya yanke abin da zai dafa. Da kamfanin taya na Michelin ya buga littafinsa na gidajen abincin Tokyo a 2007, taurarin da ya ba birnin sun fi na Paris yawa, a 2020 kuma Kei Kobayashi ya zama kukun Japon na farko da ya samu taurari uku a cikin Faransa.

Wannan duka labarin masu hali ne. Mutum nawa ke cin abinci a gidan taurari uku? In al'adar za ta rayu ko za ta mutu, a gona da kicin ɗin ma'aikaci za a yanke hukuncin, can kuwa labarin ba shi da daɗi.

Abin da ke neman kuɓucewa

A 1962 mutumin Japon na cin kilo 118 na shinkafa a shekara. A farkon shekarun 2020 abin ya sauko kusan kilo 50, burodi da taliya da nama da mai sun ci sauran wurin. Alkama da masarar kiwon dabbobi da mafi yawan waken soja kuwa daga waje su ke zuwa. A 1965 ƙasar na noma kashi 73 cikin 100 na abin da ke ba jama'arta ƙarfin jiki, a 2023 kashi 38 ne kawai. Tun farkon shekarun 1970 gwamnati ta riƙa biyan manoma su rage noman shinkafa domin kada farashi ya faɗi, ba a soke tsarin ba sai 2018. A ƙidayar 2020, matsakaicin shekarun manomin Japon ya haura 67.

Sakamakon ya bayyana. Zafin 2023 ya ɓata ingancin shinkafa, a watan Agusta na 2024 aka wayi gari kantunan manyan birane ba shinkafa. A farkon 2025 buhun kilo 5 ya wuce yen 4.000, fiye da jika 15 na kuɗin sefa, ninki biyu na farashin shekarar da ta gabata. Gwamnati ta buɗe rumbun tsimi na ƙasa, wanda aka kafa bayan ƙarancin 1993. A watan Mayu ministan noma, Taku Eto, ya faɗa a bainar jama'a cewa shi bai taɓa sayen shinkafa ba domin magoya bayansa na ba shi kyauta. Cikin ƴan kwanaki ya ajiye aiki.

Teku ma ta sake. Kifin sanma da aka kama fiye da tan 300.000 a 2008, a 2022 bai kai tan 20.000 ba. Ruwan gaɓar Japon ya yi ɗumi, kifin ya yi nisa, jiragen waɗansu ƙasashe kuma na tare shi tun a tsakiyar teku. Kifin talaka ya zama na ganin ido a waɗannan shekaru. Unagi kuma tun 2014 ya shiga jerin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu.

Faransa ba ta rasa cimaka, babbar mai sayar da alkama ce a duniya. Ciwonta daban ne. A 1970 tana da gonaki miliyan 1 da 600.000, a 2020 saura kimanin 390.000. Kusan rabin kajin da a ke ci a ƙasar daga waje su ke zuwa, haka ma kusan rabin ganye da ƴaƴan itace. Manyan motoci na kawo tumatir daga Maroko da kudancin Sipaniya a tsakiyar Janairu, ja wur, ba ɗanɗano. Yaron da ya tashi yana ganin tumatir a kanti wata goma sha biyu, ina zai san yana da lokaci? Ɗumamar yanayi ma ta taɓa kalandar kanta: a yankuna da dama a na tsinkar inabi mako biyu zuwa uku kafin lokacin da a ke yi shekara arba'in da suka wuce.

Kwanon ɗan lakwal

Ƙasashen biyu sun juya ga yara. A Japon ciyar da ƴan lakwal ya faro a 1889 a garin Tsuruoka, inda aka riƙa ba ƴaƴan matalauta curin shinkafa da kifi. Bayan yaƙin duniya na biyu, burodin alkamar Amurka da garin madara ne suka cika kwanon yara, dokar 1954 ta tabbatar da tsarin, kuma da yawa na ganin daga nan ne bakin jama'a ya fara barin shinkafa. A 1976 aka dawo da ita, yanzu a na ba da ita fiye da sau 3 a mako. A 2005 majalisa ta kafa dokar ilimin abinci, «shokuiku», aka ƙirƙiro malamai na musamman masu tsara abincin wata bisa ga abin da gonakin yankin ke bayarwa. Cin abincin rana darasi ne kamar lissafi. Yara ne ke ɗauko tukwane, su sa farar riga su raba wa ƴan'uwansu, su ci cikin aji tare da malaminsu, su share wurin. A makarantu da yawa kafin a fara ci a na faɗa musu abin da ke cikin kwanon da inda aka noma shi.

Faransa tana da makon ɗanɗano kowane Oktoba tun 1990, inda kuku da masu burodi ke shiga aji. Dokar 2018 ta wajabta wa kantin na makarantu da asibitocin gwamnati, daga 1 ga Janairu 2022, rabin kuɗin cefanensu ya tafi ga kaya masu tambarin inganci, cikin rabin nan kuma har da kashi 20 cikin 100 na dukan cefanen ga waɗanda aka noma ba takin zamani ba maganin ƙwari. Kantin da yawa ba su cika wannan adadi a ranar da aka yanke ba, domin kayan sun fi tsada, kuɗin magajin gari kuwa bai ƙaru ba. Rubuta doka ya fi cefane sauƙi.

Akwai kuma abin da jama'a suka yi ba su jira hukuma ba. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, matan biranen Japon da suka tsorata da gubar masana'antu da maganin ƙwari suka ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manoma, suka kira ta «teikei». Masu saye su yi alkawarin karɓar duk abin da gona ta bayar, manomi ya yi alkawarin noma shi da tsabta. Irin wannan tsari ya bayyana a Amurka, can wani manomin Faransa da matarsa suka gan shi, a 2001 aka kafa ƙungiya ta farko a Aubagne, kusa da Marseille, da sunan AMAP. Yau irinta sun bazu ko'ina cikin ƙasar. Iyali su biya kuɗin wata shida ko shekara tun kafin girbi, in ƙanƙara ta ɓata gona a raba hasarar, kowane mako kuma su zo su ɗauki kwandonsu daga hannun manomin. Ba a zaɓe. A watan Agusta kwandon na cika da tumatir har a rasa yadda za a yi da shi, sai a dafa a zuba a kwalba. A watan Fabrairu abin da ke ciki shi ne shu, watau kabeji, da karoti, da dankalin turawa, da kabewar da aka ajiye tun kaka.